Kiwon Murjani a Gida: Yadda Ake Haɗa Tankin Ruwan Teku da Kula da Shi

Murjanin da kake gani a tankin gilashi kamar fure ko kamar dutse, dabba ce mai rai. A cikin naman jikinsa akwai wata irin gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke karɓar haske ta mai da shi abinci, murjanin ya ci kaso mafi tsoka, ita kuma ta samu mafaka. Wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka a teku ya ginu, inda gishiri da ɗumin ruwa ba sa sauyawa sai a hankali ƙwarai. Da zarar zafi ko sinadarin ruwa ya yi tsalle, murjani yakan kori gansakukar ya yi fari fat, in ba a farga da wuri ba ya mutu. Don haka aikin mai tankin murjani kusan guda ɗaya ne: ruwan yau ya zama irin na jiya. Duk na'urar da za a ambata a ƙasa wannan aikin take yi.

Tanki da mazauninsa

Mai farawa yakan so ƙaramin tanki don yana ganin zai fi sauƙi. Akasin haka ne. Lita 40 na ruwa, in lita ɗaya ta ƙafe, gishirin ya motsa sosai. A lita 200 da ƙyar za ka ga bambanci. Tsakanin lita 150 zuwa 300 ya fi yi wa mai koyo afuwa, kuma duk lissafin da ke gaba a kan lita 200 aka gina shi. Zaɓi mai faɗi a kan mai tsayi, domin haske ya kai ƙasa, hannunka ma ya kai.

Litar ruwan teku ta ɗara kilo ɗaya kaɗan. In ka haɗa gilashi da duwatsu da yashi da tankin ƙasa da ake ɓoyewa cikin mazauni, kana maganar kusan kilo 300 a wuri guda. Teburin falo ba zai ɗauka ba. Mazaunin ya zama wanda aka ƙera don wannan aiki, a daidaita shi ta kowace kusurwa kafin ruwa ya shiga, domin tankin da ya karkata yana matsa wa silikon, gam ɗin da ke haɗe gilashin, ta gefe guda har wata rana ya buɗe. A nisanta shi da taga mai rana, a bar tazarar da hannu zai shiga ta baya.

Ruwa kafin komai

Ruwan famfo da mutum ke sha lafiya lau yana iya ɗauke da kulorin, silika, fosfet, naitiret, wani lokaci har da jan ƙarfe daga bututu. Kulorin yana kashe bakteriyar da za ka raina, silika da fosfet taki ne ga gansakuka, jan ƙarfe kuwa ko ɗan kaɗan ne yana hallaka murjani da dodon koɗi da jatan lande. Shi ya sa na'urar farko da za ka saya, tun kafin fitila, ita ce matatar da ake kira RO/DI. Matakai huɗu gare ta: tsumma mai tare laka, gawayin da ke tsotse kulorin, siririyar fata mai tace yawancin abin da ya narke, sai ƙwayoyin resin da ke kama ragowar. Ana auna ruwan da ta fitar da ƙaramar mitar TDS, mai nuna yawan abin da ya rage a narke cikinsa. Lambar da ake nema sifili ce. In ta fara nuna 1 ko 2, resin ya gaji. Ka kula da gawayin, domin in ya ƙare kulorin yana wucewa ya lalata fatar, ita ce kuma mai tsada a cikinsu. Matatar tana zubar da ruwa ninki biyu zuwa huɗu na wanda ta tace, sai a tare shi don wanki ko ban ruwa.

Gishirin girki ba ya yi. Ana amfani da gaurayen gishirin teku da aka haɗa musamman, mai kalsiyam da maganisiyam da sauran ma'adanai. Ana neman giram 35 na gishiri a kowane kilo na ruwa, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. A aikace yawancin gaurayen suna cin giram 36 zuwa 40 a lita ɗaya saboda danshin da ke cikinsu, kusan kilo bakwai da rabi ke nan ga tankinmu. Ruwa ake fara zubawa a bokiti, famfo yana juyawa, sannan a barbaɗa gishiri a hankali. In ka juya tsarin, ka zuba ruwa a kan tulin gishiri, kalsiyam da kabonet za su haɗu su zama farin alli wanda ba zai sake narkewa ba.

Auna gishiri da rifraktomita, amma ka saita ta da ruwan gwaji mai lamba 35 da ake sayarwa don haka. Waɗanda ke saita ta da tataccen ruwa zalla sukan wayi gari tankinsu ya yi watanni a kan lambar da ba ita ba ce.

Na'urori, da abin da kowacce take yi

Tankin ƙasa ƙaramin tanki ne da ke ɓoye cikin mazauni. Ruwa yana malalowa daga sama ta bututu ya sauka cikinsa, famfo ya mayar da shi. Ba dole ba ne, amma yana ƙara yawan ruwa, yana ɓoye tarkace. Famfon mayarwa ya tura ninki uku zuwa biyar na tankin a awa, wato lita 600 zuwa 1,000. Abu ɗaya ne ba a wasa da shi a nan: ranar da famfon ya tsaya, ruwan sama zai zuƙo baya ta bututun mayarwa. Huda ƙaramin rami a bututun dab da saman ruwa don iska ta katse zuƙowar, sannan ka kashe famfon da hannunka ka tsaya ka ga inda ruwan ƙasa zai tsaya. In ya kusa baki, rage shi, ka sa alama da maka.

A cikin tankin sama kuma ana sa famfunan igiyar ruwa. Murjani ba ya tafiya neman abinci, ruwa ke kawo masa, ruwa ke kwashe ƙazantarsa. Ninki 20 zuwa 30 a awa ya isa ga murjani masu laushi, lita 4,000 zuwa 6,000 ke nan. Masu rassa irin su Acropora suna son 50 ko fiye. Famfo biyu suna fuskantar juna sun fi guda ɗaya mai ƙarfi, don ruwan ya riƙa hautsinewa maimakon ya yi ta dukan wuri ɗaya har ya saɓule naman murjani. Ɗaya daga ciki ya riƙa kaɗa saman ruwa, ta nan iskar shaƙa ke shiga.

Ɗumin da ake so digiri 25 ne a ma'aunin Selsiyos, kada ya fita daga 24 zuwa 26. Ƙa'idar hita kusan wat ɗaya ga lita ɗaya, amma raba shi gida biyu: hita biyu masu wat 100. Hita takan mutu ne a kunne, kuma babba guda ɗaya da ta maƙale za ta dafa tankin cikin dare. In da hali, haɗa su da na'urar sarrafa zafi mai nata ma'aunin daban. Inda ɗaki ke zafi matsalar ta juya: fanka mai hura saman ruwa tana sauke digiri ɗaya zuwa biyu, in bai isa ba sai injin sanyaya ruwa. Ruwan da ya daɗe a 29 ko 30 shi ke sa murjani ya yi fari fat.

Sikima bututu ne da ke cika ruwa da ƙananan kumfa, ƙazantar da ta narke ta manne musu, su tashi su zube a kofi a matsayin ruwa mai duhu da wari. Sabuwa takan yi mako ɗaya ko biyu tana hauka kafin ta daidaita, kada ka yi ta murɗa ta.

Sai na'urar cikon ruwa. Abin da ke ƙafewa daga tanki ruwa ne zalla, gishirin yana nan. Saboda haka da tataccen ruwa marar gishiri ake ciko, kullum. Lita biyu zuwa huɗu a rana ba abin mamaki ba ne. Na'urar tana da ido mai lura da matakin ruwa da ƙaramin famfo, kuma cikin kayan nan duka ita ce ta fi biyan kuɗinta.

Fitila a yau kusan duk LED ce, mai rinjayen shuɗi. Ƙarfin hasken da murjani ke amfana da shi ana auna shi da PAR: 50 zuwa 150 ga masu laushi da masu kaurin nama, 200 zuwa 350 ga masu rassa. Awa takwas zuwa goma a rana, a kan agogo. Haske mai yawa ya fi kashe sabon murjani fiye da ƙarancinsa.

Ruwan gishiri da lantarki ba sa ga maciji. Duk soket ya bi ta na'urar da ke yanke wuta in ta yi yoyo, a ɗaga shi sama da ƙasa, kowace waya kuma a bar ta ta lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket don ɗigon ruwa ya tsaya a lanƙwasar.

Haɗawa da rainon bakteriya

Fara da gwajin yoyo: cika tankin da ruwan famfo, kunna komai na kwana ɗaya ko biyu, sannan a zubar. Jera duwatsu a kan gilashin ƙasa kai tsaye kafin yashi, domin kifi mai tono zai iya kwashe yashin ƙarƙashin dutse ya rufto. Kilo 15 zuwa 20 na dutse mai ramuka ya isa. Bar koguna da hanyoyin ruwa, bar tazara daga gilashi don gogewa, ka liƙe masu rawa da siminti ko gam na cikin ruwa. Busasshen dutse ba ya zuwa da kwari amma yana jinkirin nuna. Wanda aka raina a ruwa yana da sauri, sai dai yakan zo da baƙin da ba a gayyata ba. Yashin aragonait, wato na kalsiyam kabonet, a wanke shi, a shimfiɗa kauri santimita biyu zuwa huɗu.

Yanzu a zuba ruwan gishiri, a kunna hita da famfuna, a bar fitila a kashe. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce. Wasu bakteriya suna mai da ita naitirayit, wasu su mai da naitirayit naitiret, wanda ke da sauƙin illa. Sabon tanki ba shi da su, sai an raine su. Zuba ruwan amoniyam kulorayid har gwaji ya nuna 2 ppm, wato kashi biyu cikin miliyan, ka ƙara kwalbar bakteriya mai rai, sannan ka riƙa aunawa duk kwana biyu ko uku. Amoniya za ta sauka, naitirayit ya hau ya sauko, naitiret ya bayyana. Yakan ɗauki mako uku zuwa shida. Shaidar gamawa ita ce ka sake zuba amoniya ta kai 1 zuwa 2 ppm ta ɓace cikin awa 24. Tsohuwar dabarar jefa kifi mai juriya ya sha gubar ba ta da wani amfani yanzu, azabtarwa ce kawai. Da an gama, sauya kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan.

Watannin muni

Da ka kunna fitila, tankin zai munana, kuma haka ya kamata. Da farko wata gansakuka mai kama da ƙura, mai ruwan ƙasa, za ta rufe yashi da gilashi. Silika take ci, in ta cinye ta sai ta tafi da kanta. Bayanta koriyar gansakuka mai gashi, wani lokaci da jan majina mai shimfiɗa kamar tabarma a inda ruwa ba ya gudu. A nan ne mutane ke ruɗewa su yi ta zuba magunguna, kowanne yana jawo wata sabuwar matsala. Abin yi kaɗan ne: tsige da hannu, zuƙe da tiyo lokacin sauyin ruwa, gyara alƙiblar famfo, sa masu shara. Dodon koɗi irin Trochus yana kiwon dutse da gilashi, Nassarius yana binne kansa a yashi yana cin ragowar abinci. Fara da takwas zuwa goma; in ka zuba hamsin za su share tankin su mutu da yunwa.

Wani kuskuren kuma shi ne tsafta fiye da kima. In aka matse naitiret da fosfet suka koma sifili, wata halitta mai yauƙi da kumfa a jiki, dainofilajelet, takan mamaye tankin, ta fi duk na baya wuyar kora, kuma wasu nau'o'inta suna kashe dodon koɗi. Bar naitiret tsakanin 2 da 10 ppm, fosfet tsakanin 0.03 da 0.1.

Kifi

Ɗaya ko biyu a lokaci guda, da tazarar mako biyu zuwa uku, don bakteriya su cim ma sabon nauyin. Masu sanyin hali su fara shiga, masu faɗa daga ƙarshe. Amphiprion ocellaris, ɗan kifi mai ruwan lemo da fararen ɗamara uku, shi ne abokin mai koyo, ana kuma samun wanda aka ƙyanƙyashe a gona, ba sai an kamo daga teku ba. Gramma loreto da ƙananan gobi ma sun dace. Kifayen tang suna buƙatar doguwar hanyar iyo, lita 200 ta yi musu kaɗan. Mandarin, duk da kyansa, ƙananan halittun cikin dutse yake ci dare da rana, sabon tanki ba zai ciyar da shi ba. Rufe saman da raga, kifayen murjani da yawa suna tsalle.

Kowane sabon kifi ya yi wata guda a tankin killacewa: lita 40 zuwa 60, hita, matatar soso, guntayen bututun roba don ɓuya, ba dutse ba yashi. Dalili shi ne cututtuka biyu. Cryptocaryon irritans yana fitowa kamar barbaɗin gishiri a jiki. Amyloodinium ocellatum yana kama da hoda, yana toshe numfashi, yana iya share tanki cikin kwanaki. Maganinsu na jan ƙarfe ne, wanda ba ya shiga tankin murjani ko da wasa, dutse ma yana tsotse shi ya riƙa sakinsa daga baya. In cuta ta shiga babban tanki, sai an kwashe kifayen duka an bar shi babu kifi har kwana 76 kafin ƙwayar ta mutu da yunwa. Kama kifi a tsakanin duwatsun da aka liƙe, wanda ya taɓa yi ba ya so ya maimaita.

Murjani

Bayan wata biyu ko uku, in lambobi sun tsaya, fara da masu laushi: Discosoma, Zoanthus, Sarcophyton. Xenia da koren tauraro suna da sauƙi har sun yi yawa, a ware musu dutsensu daban ko su cinye tankin. Daga nan masu kaurin nama da ƙashi, irin Duncanopsammia, Caulastraea da Euphyllia. Wannan na ƙarshe yana miƙa dogayen hannaye masu harbi, a ba shi tazarar santimita 15. Montipora da Acropora su jira tanki ya kusa shekara. Murjani masu ƙashi suna cikin jerin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin halittun da ke cikin haɗari, fataucinsu tsakanin ƙasashe sai da takarda, kuma ɓallen da aka raina a tanki ya fi na teku juriya.

Kowane sabon ɓalle a tsoma shi a ruwan kashe kwari na mintunan da kwalbar ta faɗa, a ɗauraye, a duba gindinsa ko akwai ƙwai. A ajiye shi ƙasa, a riƙa ɗaga shi cikin mako biyu zuwa uku. In ka ga Aiptasia, wata 'yar halitta mai harbi, dangin murjani, mai ruwan ƙasa, kada ka kankare ta, kowane guntu sabuwa zai zama. A shafe bakinta da maganin shafawa na musamman ko a kawo jatan lande mai cin ta.

Gargaɗi guda mai nauyi: wasu Palythoa da Zoanthus suna ɗauke da falitoksin, ɗaya daga cikin guba mafi ƙarfi da aka sani a halitta. Safar hannu da tabarau duk lokacin da za ka taɓa su. Kada a tafasa dutsen da suka zauna a kai, kada a zuba masa ruwan zafi ko a goge shi a busashe. Tururin kaɗai ya kai iyalai asibiti.

Lambar da ta fi kowace motsi

Murjani mai ƙashi yana gina jikinsa da kalsiyam kabonet, yana ja daga ruwa kullum. Ana riƙe kalsiyam a 400 zuwa 450 ppm, maganisiyam 1,250 zuwa 1,350, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, 7.8 zuwa 8.4, alkaliniti kuma, wato ajiyar kabonet da ke cikin ruwa, 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH. A cikinsu alkaliniti za ka fi sa wa ido, saboda ajiyarsa a ruwa kaɗan ce: duk 20 ppm na kalsiyam da aka ci yana tafiya da kusan 2.8 dKH. Wato kalsiyam zai sauka daga 430 zuwa 410 ba ka damu ba, alhali alkaliniti ya faɗo daga 8.5 zuwa ƙasa da 6, naman Acropora ya fara saɓulewa daga gindi.

Da farko sauyin ruwa yana mayar da abin da aka ci. Ranar da ya daina isa, auna alkaliniti a lokaci iri ɗaya kwana uku a jere ba tare da ƙara komai ba, ka san abin da tankin ke ci a rana. Giram uku na sodiyam baikabonet yana ɗaga lita 100 da kusan 1 dKH, giram 3.7 na kalsiyam kulorayid nau'in da ake kira dihydrate yana ɗaga kalsiyam da 10 ppm. Ka yi lissafi da ainihin ruwan da ke ciki, bayan an cire wurin da dutse ya cinye. Narka kowanne daban a tataccen ruwa, zuba su a wuri mai gudu da tazarar aƙalla rabin awa, in ba haka ba su haɗu su zama alli. Kada ka ɗaga fiye da 1 dKH a rana, ko da lambar ta yi ƙasa sosai. Gyaran gaggawa ya fi ƙarancin kansa ɓarna. In kalsiyam da alkaliniti suka ƙi tsayawa duk da ƙari, duba maganisiyam, shi ke hana su daskarewa. Abin da ba ka da kayan auna shi, kada ka zuba shi.

Hidimar yau da gobe

Kullum: dubi ma'aunin zafi, ƙirga kifi, ciyar da abin da za su cinye cikin minti biyu. Duk mako: sauya kashi 10 cikin ɗari da ruwan da aka dama tun jiya, mai gishiri da ɗumi irin na tanki, wanke kofin sikima, sauya tsumman tacewa, wanda in ya wuce kwana uku ko huɗu shi kansa ya zama masana'antar naitiret, auna ka rubuta a littafi. Duk wata uku, jiƙa famfuna a ruwan asid ɗin sitirik ko binega don ɓawon alli ya saki, ka ɗauraye su sosai. Hannun da ya taɓa sabulu, man shafawa ko turare ba ya shiga tanki, kuma ba a fesa maganin sauro a ɗakin.

In murjani ya rufe ya ƙi buɗewa, bi wannan jeri kafin ka zargi cuta: zafi, gishiri, alkaliniti, sannan ka tambayi kanka me ka sauya a makon nan. Farin da ya faro daga saman murjani yawanci haske ne ko zafi. In ya koma launin ƙasa-ƙasa mai duhu, haske ya yi kaɗan ko naitiret ya yi yawa. Sarcophyton da ya tsuke ya yi sheƙi na kwanaki yana saɓa ne, ƙara masa gudun ruwa ka ƙyale shi.

Ɗaukewar wuta kuwa, ba duhu ke kisa ba, murjani yana jure kwana biyu ko uku babu fitila. Tsayawar ruwa ce ke kisa: cikin 'yan awanni iskar shaƙa ta ƙare, manyan kifaye su fara zuwa sama suna haki. Tanadi famfon iska mai batir wanda ke tashi da kansa, ko ka haɗa famfon igiya guda ɗaya da batirin ajiya. In babu ko ɗaya, ɗebi ruwan da jug ka kwararo shi daga sama duk minti goma zuwa sha biyar, ka lulluɓe tankin da bargo in ana sanyi, kuma kada ka ciyar da kifi har sai famfuna sun dawo.